Ga mai fargabar tafiyar Asabar

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina da ya ce tunda aka sa ranar tafiyar keken nan ta tara wa marayu gudummawa, Kano zuwa Zariya, barci ya ƙaurace masa, gabansa sai faɗuwa yake, ciki na juyawa, to saurara.

Wannan fargabar ba ciwo ba ce, jiki ne ke shiri. Inda take cutarwa guda ɗaya ne: tana sa mutum ya fita da gudu. Ka ji ƙarfi ya cika ka, ka bi na gaba kana haki, kafin a kai Kwanar Ɗangora cinyoyi sun ɗaure. Don haka awar farko, ka yi tafiyar da za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya sarƙe ba. In ba ka iya ƙarasa jimla, ka sassauta giyar keken. Tafiyar wajen kilomita 150 ce, a kilomita 20 cikin awa ka ga ta haura awa 7, ban da hutu da sallah. Kada ka ɗora Zariya a ranka. Ka ce Kura zan je. In ka kai, ka ce Chiromawa, sai Kwanar Ɗangora, sai Tashar Yari.

Barci kuma, na daren Alhamis wayewar Juma'a shi ne abin lura. In na daren Juma'a wayewar Asabar ya ƙi zuwa, ka kwanta kawai ka ajiye waya, ka ja numfashi kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali kana ƙirga 6. Rashin barcin dare ɗaya ba ya hana ƙafa aiki.

Keken ma tun Alhamis za ka gama da shi, ka duba birki, ka sa wa sarƙa mai, iskar taya ka bi lambar da ke jikin tayar. Ka ɗauki tif biyu, famfo da kayan faci. Don Allah kada ka taɓa tsayin sirdi, kada ka sa sabon takalmi ko sabon wando. Mai fargaba yakan so ya yi ta gyare-gyare, daga nan ciwon gwiwa da saɓar cinya ke fitowa. Ka shafa basilin a matsematsi kafin a tashi.

Kari, awa 2 kafin tashi: koko da burodi ko ayaba. Ƙosai da duk abu mai maiƙo ko yaji ka bari sai an sauka, ciki dama a tsorace yake. A hanya, duk minti 30 ka ci dabino 3 ko 4, ko yunwa ba ta zo ba. Ruwa aƙalla rabin lita duk awa, rana ta take ka ƙara. Gora ɗaya ka haɗa ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Amma in ƙirji ya yi ciwo, ko jiri ya ɗebe ka, ko gumi ya ɗauke alhali ana zafi, wannan ba fargaba ba ce. Ka tsaya gefen titi nesa da tireloli, ka shiga motar rakiya. Waɗanda suka ba da kuɗi don marayu suka bayar, ba wanda zai ce a mayar masa.

Kada ka manta hular kwano. Allah Ya kai mu Asabar lafiya.