Matsalarka hanya ce, Malam, ba ƙarancin data ba

Wa alaikumus salam, Malam. Wallahi tambayarka kamar ni na rubuta ta. Ka ce rediyonka na hira da 'yan'uwa masu sha'awar rediyo (amateur radio) yana Katsina, aiki ya kai ka Abuja, kana sarrafa shi ta intanet, amma kafin muryar mutum ta iso maka ya gama kira, kai kuma kana latsa PTT, maɓallin magana, sai ka tarar ka hau kan wani. Kana tambaya ko ka sayi data mai gudu. Riƙe kuɗinka tukuna.

Ni tawa tashar tana gidanmu na Daura, don a nan cikin birnin Katsina inbata da cajar sola na maƙwabta sun cika min zangon rediyo na mita 40 da hayaniya. Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne. Haske a cikin faiba kuwa yana cin kilomita 200,000 a sakan, wato kilomita 1,000 milisakan 5 ne kacal. Ka ga nisa bai isa ya hana ka komai ba, ko daga Abuja. Sai dai saƙon ba titin Daura yake bi ba. Layukan wayarmu yawanci suna bayan CGNAT, wato kamfani ya haɗa mutane da yawa a adireshin intanet ɗaya, ba ka da adireshin da za a ƙwanƙwasa maka kai tsaye, sai manhajar da ke haɗa ka da rediyon ta nemi dillali, wata saba a Turai. Ranar da na yi traceroute, wato bin sawun hanyar da saƙo ke bi, na ga muryata ta gangara Legas, ta shiga wayar ƙarƙashin teku, ta dawo, duk don ta je Daura, sai na ajiye linzamin kwamfutar na yi tagumi. Shi ya sa da wayoyin teku suka tsinke a Maris 2024 tashar ta gagare ni, alhali mota na zuwa Daura kullum.

Kuma abin da ke kashe mu ba tsawon jinkirin ba ne kaɗai, rawar da yake yi ce. Idan ping, wato lokacin zuwa da dawowar saƙo, ya tsaya cak a milisakan 120, kunne zai saba. Amma yanzu 60, an jima 400, nan ne murya ke tsinkewa, manhaja ta ƙara bafa (sautin da take tarawa kafin ta sako maka), bafa ta ƙara jinkiri. Ƙa'idar ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ta ce hira ba ta samun tangarɗa idan jinkirin zuwa bai wuce milisakan 150 ba. CW kuwa, wato saƙon Morse, ba ta da wannan haƙurin: a gudun kalma 20 a minti, ɗigo ɗaya milisakan 60 ne, rawa kaɗan sai harafi ya zama wani.

Bari in ba ka labarin wani mai haɗa intanet da aka turo min, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ya zo Daura da jakarsa, ya kunna gwajin gudu a wayarsa, yana nuna min lambobi yana cewa, "Alhaji, wannan ko fim za ka kalla ba ya tsayawa." Na ce masa ni ba fim zan kalla ba, murya ce, ko kilobit 100 ba ta ci. Ya ce ya gane. Na ce ya kunna TOT a rediyon, wato agogon da ke tsayar da watsawa da kansa in ta daɗe, ya sa makunnin da zan iya yanke wuta daga nesa. Ya ce an gama, ya karɓi kuɗinsa cif, har da na mai.

Wani dare cikin hunturu ina daidaita eriya a zangon mita 20, rediyo na fitar da wat 100, sai sabis ya ɗauke. Umarnin kunnawa ya isa, na kashewa bai isa ba. Allon ya daskare da jar fitilar TX, alamar ana watsawa, a kunne. Na latsa makunnin nan nasa, shiru, ashe a kan rauta ɗaya ya rataya shi, ta faɗi sun faɗi tare. TOT kuwa ko taɓa shi bai yi ba. Na kira ƙanena, waya a kashe. Hajiya kaɗai ce a gida, tsohuwa, ƙarfe sha ɗaya ta wuce, ina ce mata ta shiga ɗakin baya ta zare jar waya daga batir, tana ce min, "Wace jar? Duk ja nake gani." Ina jin ta tana lalube da tocila, ni ina zagaye tsakar gida, tunanina gobara kawai. Kafin ta samu, transistocin ƙarshe sun ƙone. Da safe na kira mai haɗa intanet ɗin, ya ce, "Ai netwok ne, ba aikina ba." Ko sannu bai ce ba. Daga baya ma ya daina ɗauka. Allah ya isa dai, kuɗin gyara a Kano bai yi min ciwo kamar tayar da tsohuwar nan ba.

To, kafin komai, shiga menu da hannunka ka sa TOT minti 3, kuma makunnin yanke wuta ya zama da nasa layin daban.

Sauran kuma, duk abin da ke buƙatar lokaci daidai ka bar shi can wajen rediyo. FT8, tsarin aika saƙo da kwamfuta ta rediyo, zagayen sakan 15 ne, kar ka jawo sautin Abuja, ka bar manhajarsa WSJT-X a kwamfutar Katsina, agogonta na bin NTP mai daidaita lokaci ta intanet, kai allo kawai za ka leƙa. CW ka sa WinKeyer, na'urar da ke buga Morse, a tashar ka riƙa tura masa haruffa, sautin da za ka ji na hannunka ya fito daga gefenka. In ka saurari wanda ya je ya dawo, hannunka zai rikice. Ka jefar da Wi-Fi a ɓangarorin biyu ka ja waya. Abin kunne na Bluetooth ma cire shi, shi kaɗai yana ƙara jinkirin da za ka ji. Ni manhajar Mumble nake amfani da ita don murya, ina rage bafa a hankali har ta fara tsinkewa, sannan in ƙara kaɗan.

Af, ka bincika su wa ke kan rautar gidan. Bayan isha'i yara na ɗora bidiyo a TikTok, layin fita ya cushe, muryarka ta bi sahu a baya. In rautar na da SQM, tsarin da ke hana layi cushewa, kunna shi, in babu, tashar ta samu layinta ita kaɗai.

Wasu za su ce maka tauraron ɗan'adam. VSAT na da can yana kilomita 35,786 a sama, zuwa da dawowa ya haura rabin sakan, manta da shi. Starlink da ya shigo Najeriya a Janairun 2023 yana kusa, wajen kilomita 550, amma shi ma CGNAT ne a tsarin gida, sai ka haɗa da manhajar Tailscale ko ZeroTier, masu haɗa kwamfutocinka biyu, ka kuma duba cewa haɗin kai tsaye ne, ba ta dillali ba.

A cinkoson DX kuwa, wato lokacin da jama'a ke rububin kiran tashar nesa, sai ka koyi numfashin mutumin, ka kira da jin harafin ƙarshe, kar ka jira shiru.

Bar ping ya yi ta gudu daga Abuja zuwa kwamfutar tashar na minti 10, sau ɗaya bayan asuba, sau ɗaya ƙarfe tara na dare. Turo mana mafi ƙanƙanta da mafi girma, ka kuma faɗi layin da kake kai a kowane gefe.