Anti, In Yi Shiru Ne A Taron Unguwarmu?

Tambaya: Salam Anti, don Allah ki ba ni shawara. Ni da maigidana muna zaune a Kalifoniya ta Amurka, a irin unguwannin nan na zaman tare, kowa da gidansa amma akwai babban gida na kowa da kowa inda muke girki mu ci tare sau biyu a sati. To yanzu an kawo maganar a bar karnuka su riƙa shiga ɗakin cin abincin, kuma mu ba a ƙuri'a, sai kowa ya amince. Wallahi raina bai so ba, amma ina tsoron in hana a ce ni ce mai ta da zaune tsaye. In yi shiru kawai?

Amsa: Wa'alaikissalam ƙanwata. Kar ki yi shiru, don a wajensu shiru amincewa ne, gobe kina zuba shinkafa a faranti kare na shinshina miki zani kuma ba ki da bakin magana.

Wannan zaman daga Denmak ya taso wajen 1972, ya shigo Amurka a 1991 a garin Debis na jiharku, kuma yawancinsu hanya uku suke ba mutum: ki amince, ki hana, ko ki ja gefe. Hanawa sun ajiye ta ne sai abin da zai cutar da unguwar gaba ɗaya, shi ya sa ake yi wa mai yawan hanawa wani kallo. Jan gefe kuwa shi ne ki ce ban yarda ba amma ba zan tare muku hanya ba, a rubuta dalilinki a takardar taro, kuma ba za a ɗora miki aikin aiwatarwa ba.

Ni dai in ni ce, kafin ma a kai nan sai in miƙe in faɗa musu a fili cewa yawun kare yana da hukunci a addinina, da yawansu ba su ma san da haka ba wallahi, sannan in nemi a hana karnukan shiga kicin, da kuma ɗakin cin abincin a ranakun da ake ci tare. Sau da yawa a nan ake gyara maganar. In sun ƙi, ki ja gefe da bakinki, ki kuma roƙa a sake duba batun bayan wata shida. Kuma ki lura da waɗanda suka ja gefe tare da ke, in kun kai uku ko huɗu mai jagorantar taro ya kamata ya dakata a koma tattaunawa.