Kuɗin marayu a bankin Musulunci: wa zai ɗauki asara in banki ya karye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Dilimi nan Jos, yayana ya rasu ya bar yara huɗu, gadonsu naira miliyan 9 yana hannuna, na zuba a wani bankin Musulunci a asusun da ake raba riba. Yanzu ina jin ana ta maganar masu cin bashi ba sa biya. Wani ya ce min dole banki ya lamunce min uwar kuɗi ko da an yi asara, wai fatawa ce. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan yayanka ya raya abin da ya bari. Ɗan'uwa maganarka ta "asusun raba riba" ita ce ta canza hukuncin. Da asusun ajiya ne zalla, to bashi ne a wuyan banki, zai biya ko ya samu ko ya rasa, babu saɓani. Amma naka ƙirali ne wato mudaraba, kai mai dukiya banki mai juyawa, in an faɗi uwar kuɗi ce ke raguwa, sai fa in an tabbatar banki ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi, nan kam zai biya.

Waccan fatawar na san ta. Wasu malaman zamani sun yi ƙiyasin banki da masu sana'a irin tela da maƙeri, waɗanda Malikiyya suka ce su biya kayan mutane in sun salwanta a hannunsu. Ƙiyasin bai zauna ba. Tela ka ba shi yadi ya ɗinka ya dawo maka da shi, ladansa a yanke yake, ba ka aike shi kasuwa ya juya yadin ba. Shi kuwa banki don ya shiga kasuwa ka ba shi, kasuwa kuma a ci ne a rasa. Kuma Imam Malik da kansa a Muwaɗɗa ya hana sa sharaɗin lamunce uwar kuɗi a ƙirali. Ka duba ma, kuɗinka ba zai taɓu ba sannan duk wata ana ƙara maka wani abu, to me ya raba wannan da bashi mai ruwa? Sai ka kori kuɗin ruwa ta ƙofa ya shigo maka ta taga.

Kuma kar wani ya ce maka bankin Musulunci ba ya karyewa. Yawancin aikinsa murabaha ne, ya sayi mota ko taki ya sayar maka bashi, in mutum ya ƙi biya ba shi da halin ƙara masa ruwa, tarar jinkiri ma sadaka take tafiya. Abin da ke kashe banki kowane iri shi ne ya tara kuɗin jama'a da za su iya zuwa cira gobe ya danƙa wa wasu manya ƙalilan na shekaru. Mun gani a 2009 lokacin da Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Bankin Najeriya (CBN) na wancan lokacin, ya sauke shugabannin bankuna irin Oceanic da Intercontinental, bashin hannun jari da na harkar mai ya ruɓe, har aka kafa hukumar AMCON a 2010 don ta saye basussukan. A Yunin 2024 ma CBN ta soke lasisin bankin Heritage.

Juya dukiyar maraya abu ne mai kyau don kar zakka ta cinye ta, kuma a mazhabarmu ana fitar mata da zakka, kar ka manta. In ka yi bincike iya ƙoƙarinka aka yi asara, ba ka da laifi ba ka da biya. Amma miliyan 9 a asusu ɗaya da sunanka ni dai hankalina bai kwanta ba. NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya a bankuna, miliyan 5 take lamunce wa mutum ɗaya a banki ɗaya, don haka ka raba, kowane yaro da asusunsa, ka tambayi bankin a rubuce wane irin asusu inshorar ta shafa. Sannan ka kira mahaifiyarsu da shaidu biyu a rubuta komai, don in ka faɗi yau kar kuɗin su shiga cikin gadonka. Wallahu a'alam.