Tambaya da Amsa: Zaga Indiya da Jakar Goyo da Ɗan Guzuri

Tambaya daga wani ɗalibi a Kano: Ina da hutun mako uku, ina so in taso daga Delhi in gangara kudancin Indiya, kuma guzurina ba shi da yawa. Wace hanya ce ta fi sauƙi?

Amsa: Ɗan'uwa, jirgin ƙasa za ka riƙe, musamman na dare, domin kuɗin tikiti ɗaya ya biya maka tafiya da wurin kwana. Ƙasar tana da faɗi ƙwarai. Daga Delhi zuwa Mumbai kusan kilomita 1,400 ne, daga Delhi zuwa Thiruvananthapuram a jihar Kerala kuwa kusan 3,000, tafiyar kwana biyu cur ba sauka. Saboda haka kada ka ɗora wa mako uku gari goma. Huɗu ko biyar sun isa: Delhi, Agra, Mumbai, sannan ka bi layin Konkan da ke gefen teku ka sauka Kozhikode ko Kochi.

Taragun aji-aji ne. Wanda ake rubuta wa SL shi ne na mai ƙaramin ƙarfi: gadaje hawa uku, fanka, taga a buɗe, ba a ba da bargo ko matashi. Na 3A tsarin gadonsa ɗaya da SL, sai dai akwai na'urar sanyaya ɗaki da zanin gado, kuɗinsa kuma ya kan ninka na SL sau biyu da rabi ko fiye. Taragon da ba a keɓe wa kowa kujera ba, wato janar, ka bar shi sai in tafiyar awa biyu ko uku ce. A doguwar tafiya ko wurin sa ƙafa ba za ka samu ba.

In ana tambayarka gadon da kake so, ka zaɓi na sama. Na ƙasa da rana kujerar kowa ce, na tsakiya kuma ba a buɗe shi sai daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Na sama naka ne dare da rana. Ka sayi sarƙa da kwaɗo a tasha ka ɗaure jakarka a ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera, fasfo da kuɗi kuwa su kwana a jikinka. Kada ka karɓi shayi ko biskit daga hannun fasinjan da ba ka sani ba, komai fara'arsa, domin hukumar jirgin da kanta tana gargaɗi kan masu sa maganin barci a abinci. Lambar neman taimako a jirgi ita ce 139.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: An saya mini tikiti, na ga an rubuta WL 34 a jiki. Na sami gado ke nan?

Amsa: Alhaji, ba ka samu ba tukuna, kuma nan ne baƙi suka fi faɗawa rami. WL na nufin kana layin jira, kai ne na 34, sai wasu sun fasa tafiya lambar ta sauko. In ta koma RAC za ka iya shiga jirgi, amma ku biyu za ku raba gado ɗaya a zaune. CNF ne kaɗai ke nufin an ba ka tarago da lambar gado. Ana fitar da jerin sunaye na ƙarshe awanni kafin jirgi ya tashi, kuma tikitin da aka saya ta intanet in har lokacin yana WL, soke shi ake yi kai tsaye a mayar da kuɗi. Wanda ya shiga da shi, daidai yake da marar tikiti, tara za a ci shi. Ka riƙa duba matsayinka da lambar PNR mai lamba 10 da ke saman tikitin.

Mafita uku ce. Ta farko sayen tikiti da wuri ta shafin IRCTC, wato shafin sayar da tikitin jirgin ƙasa na Indiya. Tun watan Nuwamban 2024 ana buɗe sayarwa kwana 60 kafin ranar tafiya. Ta biyu kason da aka ware wa baƙi 'yan yawon buɗe ido a wasu jirage, wanda ake samu a ofishin sayar da tikiti na manyan tashoshi, da fasfo da biza a hannu. Ta uku ita ce Tatkal, tikitin gaggawa da ake buɗewa ana gobe tafiya, ƙarfe 10 na safe ga taragun sanyi, 11 ga SL, da ƙarin kuɗi, kuma cikin mintuna yake ƙarewa. A bakin tashar New Delhi za ka haɗu da masu ce maka ofishin sayar da tikiti ya tashi ko an rufe shi, su nuna maka mai a-daidaita-sahu da zai kai ka “sabon ofishi”. Kada ka tsaya sauraro, shige cikin tasha ka tambayi ma'aikaci a bayan kanta.

Tambaya daga wata malama a Zariya: Wane wata ya fi dacewa?

Amsa: Malama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Afrilu zuwa Yuni zafin arewacin ƙasar ya kan haura digiri 45, taragon SL ya koma tanda. Damina na sauka a Kerala wajen farkon Yuni ta haura arewa har Satumba, layin Konkan ma jadawalin damina yake komawa, jirage su rage gudu saboda zaftarewar ƙasa. Jihar Tamil Nadu ita tata daminar daga Oktoba zuwa Disamba take. A Disamba da Janairu hazo mai kauri na rufe yankin Delhi da Agra, jirgi ya yi lattin awanni, don haka kada ki sa doguwar tafiyar jirgin ƙasa a ranar da jirginki na sama zai tashi. Ki tafi da rigar sanyi da bargo mara nauyi. In Taj Mahal da ke Agra ce a ranki, ba a buɗe ta ga masu ziyara ranar Juma'a.

Tambaya daga wani matashi a Kumasi: Me ya sa ƙananan masaukai ke korar baƙi alhali akwai ɗaki?

Amsa: Sau da yawa dalilin takarda ce. Doka ta wajabta wa duk masaukin da ya sauki ɗan wata ƙasa ya cika fom ɗin da ake kira Form C ya aika wa hukumar shige da fice, masaukin da bai yi rajistar hakan ba sai ya ce babu wuri. Kafin ka biya ta intanet, ka kira ka tambaya ko suna karɓar baƙi 'yan ƙasar waje. Ka riƙe kwafin fasfo da biza guda biyar ko shida da ƙananan hotuna, za a nema wajen sayen layin waya ma. Mai tikitin da aka tabbatar yana iya kama gado a ɗakunan kwana na tasha, masu araha, ya kuma ajiye jaka a ɗakin ajiya, amma ba sa karɓar jakar da ba kwaɗo.

Katin rigakafin zazzaɓin shawara (yellow fever) wajibi ne ga mai zuwa daga Najeriya, Nijar ko Gana, kuma sai allurar ta kwana 10 katin ke aiki. Wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana 6. Kada ka wuce wa'adin bizarka ko da kwana ɗaya, kada kuma ka riƙe wa kowa saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, musamman magunguna. Tramadol na cikin jerin ƙwayoyin da dokar Indiya ta tsananta a kansu tun 2018.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Sakkwato: Yaya zan yi da abincin halal da ciwon ciki?

Amsa: Hajiya, a unguwannin Musulmi ba ki da damuwa: kewayen Jama Masjid da Nizamuddin a Delhi, titin Mohammed Ali a Mumbai, wajen Charminar a Hyderabad, da garuruwan gaɓar Malabar irin Kozhikode. Inda ba ki tabbatar da yanka ba, ki ci abincin da ba nama, wanda ya fi araha kuma yana ko'ina. Kayan leda da na gwangwani suna ɗauke da alama: koren ɗigo cikin murabba'i na nufin babu nama a ciki. Farantin thali, wato shinkafa ko gurasa da miyar wake da ganye, shi ne abincin mai tafiya da lissafi.

Ciwon ciki kuwa daga ruwa ya fi zuwa. Ki sha na gora kawai, ki duba murfin bai taɓa buɗewa ba, ki guji ƙanƙara da 'ya'yan itacen da aka yanka aka ajiye da ɗanyen ganye. Abin da aka soya ko aka dafa a gabanki, a rumfar da mutane suka yi layi, ya fi wanda ya wuni a tire aminci. Ki tafi da ƙunshin gishiri da sukari na ORS kamar guda 10, ana zuba babban ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In gudawa ta zo da jini ko zazzaɓi, ko ta wuce kwana biyu, asibiti za a je. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, ya fi yawa bayan damina, don haka man korar sauro da safe ma ake shafa shi. In zazzaɓi ya kama ki, farasitamol za ki sha kafin a yi gwaji, ban da asfirin da ibufurofen, saboda suna ƙara haɗarin zubar jini ga mai dengi. Ki sa ƙaramar buta ta roba a jaka, da dardumar da ke naɗewa. A jirgin ƙasa na cikin birnin Delhi akwai taragon da aka keɓe wa mata zalla.