Zuwa wajen manya neman alfarma ya saɓa wa tawakkali?

Tambaya: Malam, shekara 4 ke nan da na gama hidimar ƙasa, ba aiki. Kowa cewa yake sai da ubangida. Wani babban mutum a unguwarmu ya yi mini alkawari, kullum ina ƙofar gidansa. Ranar da bai ɗaga wayata ba, ko barci ba na iya yi. Shin tawakkalina ya samu tawaya?

Amsa: Ɗana, Allah Ya yaye maka, Ya ba ka abin yi na halal.

Zuwa wajen mutumin ba laifi ba ne. Lokacin da Annabi (SAW) ya dawo daga Ɗa'ifa bayan an jefe shi, bai shiga Makka ba sai a ƙarƙashin kariyar Muɗ'im bin Adiyyi, wanda ba ma musulmi ba ne. A hijirar shekarar 622 ma ya ɗauki ɗan jagora, Abdullahi bin Uraiƙiɗ, ya kuma ɓuya kwana 3 a Kogon Saur. Wa ya kai shi dogaro ga Allah? Amma bai bar riƙo da sababi ba.

Abin da ya tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne rashin barcin nan. A nan ciwon yake. Ƙafa ta je ƙofar mutum ba komai, amma zuciya ba ta da wurin zama sai ƙofar Allah. Na sha ganin samari a kan benci a ƙofar gidan manya, an kira sallar La'asar sun ƙi tashi, don kada Alhaji ya fito ba sa nan. Wallahi abin yana sa ni baƙin ciki. Mutumin da ake jira ɗin nan, ciwon kai kaɗan zai kwantar da shi, gobe kuma ana iya sauke shi daga kujerar.

Ka tuna wasiyyar Annabi ga Abdullahi bin Abbas, hadisi na 19 a Arba'una ta Imamu Nawawi: da al'umma za ta taru don ta amfane ka, ba za ta amfane ka ba sai da abin da Allah Ya rubuta maka. A yaƙin Hunaini musulmi sun kai 12,000, yawansu ya burge su, sai ga shi sun watse a karon farko, kamar yadda aya ta 25 ta Suratut Tauba ta faɗa.

Saboda haka ka kai masa takardunka, ka riƙa tuna masa cikin mutunci lokaci zuwa lokaci, ka daina kwana a ƙofarsa. Sauran ranakun ka nema a wasu wurare, ka kama sana'a ko ƙarama ce. Idan kuwa ya nemi kuɗi, ko za a cire sunan wanda ya cancanta a sa naka, to ka janye, domin Annabi ya la'anci mai ba da cin hanci da mai karɓa.

Allah ne Mafi sani.