Kun Tambaya: Sayen Maganin Kashe Bakteriya

Mura ta kama ni. In sayi amoxicillin?

A'a. Bairas ne ke kawo mura, amoxicillin kuwa katangar bakteriya yake hana ginawa, kuma bairas ba shi da katanga. Riƙe kuɗinka ka huta.

Ɗana ya ƙuje gwiwa, an rubuta mana man shafawa mai bacitracin. Ina tsoron kada ya yi masa ƙarfi.

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Bakteriya a cikinta take ƙera tubalan katangarta, amma a waje ake ginin, tsakani kuma akwai tantanin maiƙo da tubali ba ya ratsawa shi kaɗai. Sai ta ɗora kowane tubali kan wani dogon maiƙo mai kabon 55, ɗan dakonta ke nan. Su biyun a haɗe ake kira Lipid II. Wani furotin, MurJ, da aka tabbatar da aikinsa a 2014, shi ke juya kayan zuwa waje. 'Yan dakon ba su da yawa, dole wanda ya sauke ya koma ya ɗauko wani. Bacitracin cafke shi yake ya hana shi komawa, gini ya tsaya, bakteriya ta fashe. Ƙwayoyin jikin ɗanki ba su da irin wannan katanga. A fata kawai za ki shafa. In ƙaiƙayi ko kumburi ya ƙaru, ku koma wurin likita.

Na samu maganin da aka rubuta mini da araha sosai, amma ba kwali. Ko in sayi rabi tukuna?

Haba malam! Ba kwali, ta ina za ka ga ranar lalacewarsa da lambar rajista? A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin 10 na magunguna a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki jabu ne ko maras inganci. Jabun da ya fi ba ni tsoro shi ne mai ɗan sinadari kaɗan a ciki: ya kashe raunana, ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Kuma bakteriya na sauyawa. Vancomycin, wani maganin kashe bakteriya, bakin tubalin da ke kan Lipid II yake kamawa, amma tun ƙarshen shekarun 1980 aka samu waɗanda suka canza bakin tubalin nasu, maganin ya daina riƙe su. Rabin magani ma hanyar wancan jabun yake bi: ya kashe raunana, ya bar masu taurin kai. Je kantin magani mai lasisi, sayi adadin da aka rubuta cif. In kuɗin bai kai ba, faɗa wa likitan, ya duba ko akwai wani mai sauƙi da zai yi aikin.