Kwandalar Adakar Kaka: A Narke Ta Ko A Ajiye?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Bayan rasuwar kakata, da muka buɗe adakarta, mun ishe wata kwandala ƙulle cikin tsumma tare da murjaninta. A fuska ɗaya mace ce tana tafiya wajen rana mai fitowa, an rubuta 1938 a ƙasa. Ɗaya fuskar gaggafa ce, da rubutun HALF DOLLAR. Ta yi baƙi ƙwarai. Yayana ya ce in goge ta da toka da lemun tsami, wani maƙeri kuma ya ce azurfa ce mai kyau, in kawo ya narkar ya yi mini zobe. Mi kake gani, Malam? Tana da wata daraja?

Ɗiyarka daga Runjin Sambo, Sakkwato.

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya jiƙan kaka, ya sa ta huta.

Kafin komai, don Allah ki ajiye tokar nan da lemun tsamin. Ina da sule ɗaya na azurfa na 1913, mai hoton kwakwa, wanda mahaifina ya ba ni. Ina saurayi na dirje shi da toka har ya yi fari fat. Bayan shekaru na nuna wa wani mai tara tsofaffin kuɗi, ya ɗaga shi a rana, ya nuna mini ƙananan ƙarce-ƙarcen da suka rufe fuskarsa, ya ce kuɗin azurfarsa kaɗai zai iya biya. Har yau abin yana min ciwo. Baƙin da ya hau kwandalarki, masu saye ba su ɗauke shi aibi ba. Gogewar ce aibi, kuma ba ta gyaruwa.

Abin da ke hannunki rabin dalar Amurka ce, wato senti 50, samfurin da aka riƙa bugawa daga 1916 zuwa 1947. Adolph Weinman ne ya zana ta. Maƙerin bai yi miki ƙarya ba: kashi 90 cikin 100 azurfa ce, sauran jan ƙarfe. Sabuwarta giram 12.5 ce, azurfar ciki giram 11.25. A kasuwar duniya da oza ake sayar da azurfa, oza ɗaya giram 31.1, don haka taki ta ɗan haura sulusin oza. Ki duba farashin oza ɗaya ta azurfa na ranar a waya, ki raba uku, ki ɗan ƙara kaɗan. Ƙasa da wannan kada ki saurari tayi sai da dalili.

To amma shekarar da kika ambata ita ta sa na gyara zama. A 1938 gidajen buga kuɗi biyu ne kawai na Amurka suka buga rabin dala. Na birnin Filadelfiya ya buga sama da miliyan 4, kuma bai sa alamar komai ba. Na birnin Denba ya buga 491,600 kacal, ya sa ɗan ƙaramin harafin D. A duk jerin shekarun nan, waɗanda aka buga ƙasa da haka ba su da yawa. Mafi ƙaranci ita ce ta Denba ta 1921, guda 208,000. Ki juya fuskar gaggafa, ki duba ƙasa ta hannun hagu, dab da baki, ƙarƙashin ɗan reshen da ya tsiro daga dutsen da gaggafar ke tsaye a kai. Ki yi da rana, a ƙofar ɗaki, ko ki ɗauki hoto da waya ki buɗa shi. In babu harafi, kuɗinta ba zai yi nisa da na azurfarta ba sai in ta yi kamar sabuwa. In akwai D, ko ta suɗe ta wuce kuɗin azurfa, kuma narkar da ita asara ce babba.

Sai lafiyar jikinta. Masu wannan harka suna auna ta da maki 1 zuwa 70. Inda ta fi saurin suɗewa shi ne hannun hagun matar, da layukan tufarta, da gashin ƙirjin gaggafa. In kina ganin layukan rangaɗau, maki ya hau. In an huda ta ko an liƙa mata kunne don rataya, kamar yadda iyayenmu mata ke yi wa liyari, tsohuwar kwandalar azurfar nan ta ado, darajarta wajen masu tarawa ta faɗi sosai.

Tunda na ambaci liyari: mutane da yawa suna kawo mini shi suna murna don sun ga 1780 a jiki. Wannan shekarar ce ake ta maimaitawa a kan duk wanda aka buga daga baya, don haka ba ta nuna tsufansa. Rabin dala ba haka take ba, shekararta ita ce shekararta.

Jabu ma akwai. Ki kai ta Maƙera Assada ko wajen masu zinari a babbar kasuwa, a ɗora miki a ƙaramin sikeli kina tsaye. Ki nemi giram 12.5, ko ɗan ƙasa kaɗan saboda suɗewa. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa. In ya kama ta, magana ta ƙare. Kada ki bari a kankare ta da zarto ko a ɗiga mata ruwan gwaji. Kuma ki sani akwai masu liƙa wa ta Filadelfiya harafin D, shi ya sa mai saye na gaskiya zai so ya duba da gilashi.

Abu ɗaya da bai kamata in tsallake ba, ɗiyata: kayan mamaciya gado ne. In ba ta ba ki ita tana raye ba, ki sanar da magada kafin a sayar ko a ƙera komai. Kafin nan ki riƙe ta ta gefe, ki sa ta a 'yar ambulan ta takarda, ita kaɗai, nesa da laimar damina. Ki aiko mini da hoton fuskar gaggafar mu duba harafin tare.